Neman shawara kan hawa dutsen Sukur da ɗalibai

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare, kuma ina so in kai ɗalibaina Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, su ga fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da tsofaffin wuraren narka ƙarfe, da gonakin nan masu hawa-hawa a jikin duwatsun Mandara. Tun 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya, amma samun mai ba da bayanin hanya ya gagara.

Abin da ya tsaya mini shi ne hawan. Da ƙafa ake bin hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, ga shi a cikinmu akwai dattijon malami mai ciwon gwiwa, ya kuma rantse sai ya je. Awa nawa hawan yake ci in ana tafiya a hankali? Da damina duwatsun suna santsi, ko mu bari sai hunturu?

Sai maganar tsaro, don iyaye ba su manta da rikicin Boko Haram a yankin ba. Wanda ya je kwanan nan, don Allah wa ake fara gani kafin a hau, kuma a Gulak ake kwana ko a Michika?