Me ya haɗa dashen itatuwa da tsaro?

Ɗan Sandamu: Assalamu alaikum. Kullum ana cewa kwararowar hamada matsalar tsaro ce. An kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, tun 2015, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. To me ya haɗa bedi da 'yan bindiga? Kuma me ya sa abin da aka dasa da damina ba ya kai bazara?

Malamin Daji: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Rigimar daga ƙasa take farawa. In gona ta gaji, iska ta kwashe samanta, rairayi ya binne shuka kamar yadda ake gani a Baure da Zango da Mai'adua, sai manomi ya faɗaɗa ya cinye burtali da mashaya. Makiyayi ya rasa hanya, shanu su faɗa gona, a ci shi tara mai nauyi, gaba ta ƙullu. Dokar makiyaya ta 1965 ta keɓe wuraren kiwo, amma da yawansu an nome. Dubi dajin Rugu a Katsina: gandun daji ne da wurin kiwo, da kulawa ta ja baya ya koma maɓoyar 'yan bindiga. A ganina sake shata burtali da turakun siminti ya fi bikin dashe amfani.

Hajiya Mai Reno: Malam ya faɗi gaskiya. Batun mutuwar dashe kuwa, galibi jinkiri ne. A dasa a Yuli da ruwa ya zauna, ba ƙarshen Agusta ba, don saiwa ta samu wata biyu tana shan ruwa. Rami ya kai santimita 40 zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki; ɗanyen taki gara yake kira. A yage ledar kafin a saka, da yawa da ledar suke binnewa, saiwa ta nannaɗe ta shaƙe. Tazara mita 3 zuwa 4, layin ya gitta wa iskar hunturu. Sai babban abokin gaba: awaki bayan girbi. Dashen da ba a kewaye da ƙaya ba, ba a kuma ba shi ruwa a ranin farko ba, a ɗauka an yi asararsa.

Manomin Kongolam: Ku leƙa Maraɗi da Damagaram a Nijar. Tun shekarun 1980 suke abin da suke kira sassaben zamani. Lokacin sharar gona ba a ƙone kututture. A zaɓi tsiro 2 zuwa 5 mafi ƙarfi, a sare sauran, a datse rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi ana yankawa sama don kada ɓawo ya yage. Saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ruwanta da ban-ruwa. Gawo ya fi kowa, yana kakkaɓe ganye da damina, gero ya sha rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Amma sai an tabbatar wa manomi cewa itacen nasa ne, malamin daji ba zai kama shi ba don ya yi sassabe.

Malamin Daji: Wannan kam sai an rubuta shi a doka, mai gari da hardo su sa hannu tare.