Wai an ce karayar tattalin arzikin Amurka ta ƙare, to me ya sa har yanzu ake ƙwace gidajen mutane? (Tattaunawa ta watan Nuwamba 2010)

Maman Khalifa, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda ke zaune a Amurka ko masu bin lamarin can ku fahimtar da ni, kaina ya ɗaure. Yayana yana jihar Ohio da iyalinsa, yana aiki a wata masana'antar da ke ƙera kayan gyaran mota, bara aka sallame su kuma har yau bai samu aiki tsayayye ba sai ɗan buga-buga, yanzu ga banki na ta aiko mishi takarda kan gidan da ya saya bashi. Shi ke riƙe da maganin Hajiyarmu da kuɗin makarantar ƙannenmu, duk ya tsaya. Amma a watan Satumban 2010 na ji a rediyo wai masana can sun ce karayar ta ƙare tun Yunin 2009. Ta ƙare ta yaya? Sannan zaɓen nan na 2 ga Nuwamba 2010 jam'iyyar Obama ta sha mugun kaye, ni na ɗauka ai ba shi ya jawo matsalar ba, gadonta ya yi. Wasu a gida har sun fara cewa Yaya ƙin aikowa kawai yake yi, abin na min ciwo wallahi.

Malam Tattali, Zariya

Wa'alaikumussalam Hajiya. Duka biyun gaskiya ne, abin da rediyo ta faɗa da abin da yayanki ke faɗa. Su masanan abin da suke aunawa shi ne ko dukiyar da ƙasa ke samarwa na raguwa ko ta daina raguwa, sun ce ta fara raguwa Disamba 2007 ta tsaya Yuni 2009, wata 18 ke nan. Tsayawar faɗuwa suke nufi, ba wai an koma inda ake a da ba. Aiki sama da miliyan 8 ya salwanta, rashin aiki ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009 kuma har zuwa Nuwamba 2010 yana sama da kashi 9, mutum kusan miliyan 15 na yawon neman aiki.

Asalin abin daga bashin gida ne. A 2003 babban bankinsu ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1, kuɗi ya yi arha, dillalan bashi suka bazama suna ba kowa rancen sayen gida har da wanda ko takardar albashinsa ba a duba ba, saboda su kamishonsu suke ci a take, bashin kuma ba zai kwana a hannunsu ba, sayar da shi suke wa manyan bankunan Wall Street. Su kuma su tattara dubban basussuka su ɗaure wuri guda su sayar wa duniya, kamar kwandon tumatir ne, masu kyau a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, kuma kamfanonin da aikinsu shi ne su duba su faɗi gaskiya suka buga musu hatimin lamba ɗaya. Da yawa daga cikin rancen nan shekara biyun farko ruwan kaɗan ne, daga nan sai ya yi tsalle. Ana ce wa mutum kar ka damu, kafin lokacin gidanka ya ƙara daraja sai ka sake sabon bashi ka biya tsohon. To daga 2006 farashin gidaje ya juya ƙasa, ya zube kusan kashi 30, babban banki kuma ya riga ya mayar da ruwa sama da kashi 5. A 2010 kusan ɗaya cikin huɗu na masu bashin gida, abin da ake bin su ya fi kuɗin gidan kansa. Ko ya sayar bai fita ba.

Sai 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, washegari gwamnati ta zuba wa kamfanin inshora na AIG dala biliyan 85 don kar ya bi sahu. Bankuna suka daina ba juna rance, suka daina ba kamfanoni, mutane suka daina sayen mota tunda can kusan kowa bashi yake saya. Nan ne abin ya iso kan yayanki. Kamfanonin mota na General Motors da Chrysler sun shiga kotun fatara a 2009, duk ƙananan masana'antun da ke kai musu kaya a Ohio da Michigan suka girgiza.

Ɗan Zango, Bronx

Malam ya yi bayanin littafi, bari ni in faɗi na titi. Tasi nake tuƙawa a Niyok. Hajiya ki gaya wa mutanen gida su ji tsoron Allah su daina zargin bawan Allah nan, wanda bai zauna nan ba ba zai gane ba. A nan in aikinka ya tafi ba albashi kaɗai ya tafi ba, inshorar asibitinka da ta matarka da ta yaranka duk a jikin aikin suke rataye, rana ɗaya ka wayi gari ba ka da su, kuma kwana ɗaya a asibiti ba inshora ya isa ya jefa ka bashin shekaru. Gwamnati da kanta ta ce mutum miliyan 50 ne ba su da inshorar lafiya a 2009. Ga kuɗin gida, ga na mota, ga inshorar mota wadda dole ce, ga kuɗin ɗumama ɗaki yanzu da sanyi ya shigo, kuma babu wani kawu ko maƙwabci da za ka je ka ce a auna maka masara kafin wata ya mutu.

Na ɗauki wani dattijo Bature da kwat da jakar hannu, ya haura shekara 55, ya ce in sauke shi nesa kaɗan da inda za shi don mita kar ta ƙara, hirar neman aiki zai je. A hanya yake ce min kuɗin fanshonsa da ke cikin hannun jari rabi ya narke, kuma duk inda ya je da sun ga furfura sai su ce za su kira shi. Irinsu ne suka fi ban tausayi. Kuɗin tallafin marasa aiki asali sati 26 ne, aka yi ta ƙarawa har sati 99 a jihohin da abin ya fi tsanani, kuma akwai ɗimbin mutane da suka cinye 99 ɗin ba su samu komai ba. Masu karɓar katin abinci na gwamnati sun haura miliyan 40. A kantin unguwarmu za ka ga mutum ya ciro katin yana ɓoye shi da tafin hannu.

Wani abu da ba a faɗa muku a gida, in ciki ya ɗauki zafi baƙo ake fara harara. Ga dokar jihar Arizona ta watan Afrilun 2010 kan baƙin haure, ga rigimar da aka yi ta yi da bazara kan cibiyar Musulunci da ake shirin ginawa a lokacin kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba, har a watan Agusta wani fasinja ya tambayi direban tasi ko shi Musulmi ne, da ya ce e ya ji masa rauni da wuƙa, a nan cikin garin. Mu direbobi mun yi kwanaki ba ma cikin natsuwa.

Bakatsine

Ni dai ina ganin ana yi wa Obama rashin adalci. Ranar 20 ga Janairu 2009 ya karɓi mulki, a watan nan kaɗai aiki kusan 800,000 ya tafi. Dala biliyan 700 na ceton bankuna Bush ne ya sa wa hannu tun Oktoba 2008, sakataren kuɗinsa Henry Paulson kuwa tsohon shugaban bankin Goldman Sachs ne. Yaƙin Iraƙi da na Afganistan da rage wa masu kuɗi haraji duk kafin zuwansa ne. Ya zo cikin wata guda ya fitar da biliyan 787 na farfaɗo da tattalin arziki, ya ceto kamfanonin mota, ya yi dokar inshorar lafiya a Maris 2010, ya yi ta sa wa bankuna linzami a Yulin 2010. Me kuma ake so ya yi cikin shekara biyu? Abin da ya fi ba ni takaici ma a Ohio ɗin da yayanki yake, John Kasich da suka zaɓa gwamna ai a Lehman Brothers ya yi aiki har bankin ya rushe. A gaya min in ba launin fata ba mene ne.

Anti Nas, Columbus

Ɗan'uwa Bakatsine, akwai wariyar ba na musu, muna ganinta, amma in ka ce ita kaɗai ce ka rage wa mutane hankali. Ohio ɗin nan fa ita ta zaɓe shi a 2008. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, abokan aikina da yawa sun jefa mishi ƙuri'a wancan karon, wannan karon wasu ko fita ba su yi ba, kuma ba don sun koma son 'yan jam'iyyar adawa ta Rifablikan ba ne, gajiya suka yi.

Ka duba abin da mutum ke gani da idonsa. An ba AIG kuɗin jama'a, Maris 2009 sai ga labari sun raba wa manyan ma'aikatansu garaɓasar dala miliyan 165, a sashen da ya jawo asarar. Manyan bankuna sun mayar da kuɗin gwamnati cikin shekara guda sun koma cin riba, ba wani babban shugaban banki da aka ga an tasa ƙeyarsa gidan yari. Shi kuma mai gida fa? An yi shirin sassauta wa masu bashi, aka ce zai taimaki mutum miliyan 3 zuwa 4, waɗanda suka samu sassaucin dindindin ko kusa da haka ba su kai ba. Wata abokiyar aikina sai da ta aika takardunta ta sake aikawa ta sake, kullum bankin ya ce sun ɓace ko sun tsufa a kawo sababbi, tana cikin biyan kuɗin gwaji da suka yanka mata sai ga takardar gwanjo an manna a ƙofa. Ina wurin ranar da ta kwashe kaya, katifu a kan ciyawar ƙofar gida, ɗanta na tambaya ko makarantarsu za a canza. A watannin Satumba da Oktoban 2010 kuma asiri ya tonu cewa ma'aikatan bankuna na sa hannu kan dubban takardun ƙwace gida ba tare da sun karanta ko ɗaya ba, har Bank of America ya dakatar da ƙwacen na ɗan lokaci a duk jihohi 50. To wanda aka yi wa haka ka je ka ce mishi ai da ba a ceci bankuna ba da abin ya fi haka muni, ko da gaskiya ne ba zai saurare ka ba.

Dokar lafiyar ma manyan tanade-tanadenta sai 2014 aka tsara za su fara aiki, mai neman maganin hawan jini yau me zai yi da 2014? Kuma baƙaƙen fata da suka fi kowa tsaya mishi su suka fi jin jiki, rashin aiki a cikinsu ya kai kashi 16 a 2010, unguwanninsu ne dillalan bashi mai tsadar ruwa suka fi yi wa dirar mikiya.

'Yan Tea Party kuwa, wato masu ra'ayin riƙau da ke mara wa Rifablikan baya, nasu fushin ta wata fuskar ya ɓullo, su cewa suke gwamnati na ɓarnar kuɗi, giɓin kasafin 2009 ya kai dala tiriliyan 1.4, bashin ƙasa ya wuce tiriliyan 13 a 2010, kuma don me za a ɗauki harajinsu a biya wa wanda ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa. Ban yarda da su ba sam, don in gwamnati ta ɗaure bakin jaka a lokacin da kowa ya ɗaure nasa ban san wa zai sayi kaya har a ɗauki ma'aikata ba. Amma su sun fito sun yi zaɓe, kujera sama da 60 'yan Rifablikan suka ƙwace a majalisar wakilai.

Maman Khalifa, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban san maganar inshorar asibitin nan ba, kuma matarsa na da juna biyu. Anti akwai abin da zai iya yi kan gidan?

Anti Nas, Columbus

Akwai 'yar'uwa. Na farko kar ya bar gidan don an aiko takarda, kuma kar ya ƙi buɗe wasiƙun don fargaba, mutanenmu da yawa nan suke faɗawa. A Ohio sai banki ya bi ta kotu kafin ya ƙwace gida, in sammaci ya zo yana da kwana 28 ya mayar da amsa a rubuce, in ya yi shiru alƙali zai yanke ba shi. Ya nemi masu ba da shawara kan bashin gida da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta amince da su, kyauta ne, da lauyoyin taimakon marasa ƙarfi, su za su tilasta wa bankin ya nuna takardar da ke tabbatar da cewa bashin a hannunsa yake, tunda an sayar da shi hannu da hannu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna zai ceto gidan, ɗan damfara ne, sun yi yawa yanzu. Matar kuma ta je ofishin walwala na ƙaramar hukumarsu ta nemi Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta marasa ƙarfi, na masu ciki, kar kunya ta hana ta.

Sannan ku a gida ku san cewa ƙarin wa'adin kuɗin marasa aiki an tsara zai ƙare 30 ga Nuwamba 2010 in majalisa ba ta sabunta ba, kuma suna can suna ja-in-ja kan ko za a ci gaba da rangwamen harajin Bush ga masu samun sama da dala 250,000 a shekara. In yayanki na cikin masu karɓa, Disamba na iya zuwa mishi ba ko sisi, don haka maganin Hajiya ku ƙannen ku san yadda za ku haɗa shi tsakaninku tun yanzu.