Me ya haɗa banki da bautar zamani?

Alhaji Garba: Salamu alaikum jama'a. Bankunan nan na Ingila duk shekara sai sun wallafa doguwar takarda, wai matakan da suka ɗauka don hana bautar zamani a harkarsu da ta masu kawo musu kaya. Ni a ganina ɓarnar tawada ce kawai. Banki ba shi da gona, ba ya haƙar ma'adinai, ba ya ɗinka tufafi. Ajiya yake karɓa, rance yake bayarwa. Ina ruwan biri da gada?

Zainab: Wa alaikumus salam Baba. Ba don ra'ayin kansu suke yi ba. Dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015, sashe na 54, ta wajabta wa duk kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya fitar da ita, darakta ya sa hannu. Kuma Baba, ku dubi wanda ke goge tayil ɗin reshen banki da asuba kafin a buɗe. Ba ma'aikacin banki ba ne. An ba kamfanin shara kwangila, shi ya yanka wa ƙaramin kamfani, ƙaramin ya samo mutane ta hannun dillali. Haka masu gadi, masu girki, leburorin gyaran gini. A hawa na uku ko na huɗu ake samun wanda aka riƙe wa fasfo, yana aiki don biyan bashin da ba ya ƙarewa.

Auwal: Anti Zainab, ban musa ba, amma dokar da kike kafa hujja da ita ba ta cizo. Kamfani zai iya rubuta cewa bana bai ɗauki mataki ko ɗaya ba, kuma ya cika sharaɗi. Babu tara. Kwamitin su Frank Field, ɗan majalisar Birtaniya a lokacin, da ya sake nazarin dokar a 2019 ya nemi a sa hukunci, har yau shiru. To me ya rage? Takardar tambayoyi da ake tura wa ɗan kwangila: "Kuna bautar da mutane?" Wa zai ce e?

Alhaji Garba: Yawwa ɗana. Abin da nake faɗa ke nan.

Malam Habibu: A'a Alhaji, ba abu ɗaya kuke faɗa ba. Auwal ya ce dokar ta yi rauni, ku kun ce babu ruwan banki. Ni kuma ina ganin duk kun bar babbar ƙofa kuna gardama a kan taga. A 2019 aka ɗaure wani gungun 'yan Poland a yankin West Midlands, a binciken da 'yan sanda suka kira Operation Fort. Sun yaudaro 'yan ƙasarsu da alƙawarin aiki, galibi marasa galihu, 'yan sanda sun ƙiyasta za su kai 400. An zuba su a gonaki da wuraren tantance shara. Albashinsu na fita daidai, ta banki, da sunansu. Sai dai ɗan gungun ne ke raka mutum ya buɗe asusu, a bakin ƙofa ya karɓe katin. Wato kuɗin bautar ta cikin banki ya bi, a gaban ma'aikacin da ke kan kanta.

Alhaji Garba: Malam, wannan ai aikin 'yan sanda ne. Yarinyar da ke kan kanta ba boka ba ce.

Zainab: Ba sai da duba ba Baba. Asusu barkatai a adireshi ɗaya da lambar waya ɗaya. Albashi ya shiga da safe, kafin azahar an kwashe shi kaf. Mai asusu ya zo ya sunkuyar da kai, wani na magana a madadinsa. Kwamfutar banki tana ganin wannan kafin ɗan sanda ya sani. Kuma inda aka sa tara ana motsi: a Ostareliya an ci bankin Westpac dalar ƙasar biliyan 1.3 a 2020, cikin laifuffukan har da sakaci kan kuɗaɗen da ake turawa Filifins waɗanda ake zargin na cin zarafin yara ne.

Auwal: Wannan tarar a ƙarƙashin dokar hana halasta kuɗin haram aka yi ta, ba takardar shekara ba. Kin ƙara ƙarfafa mini gwiwa ma. Sannan ga abin da nake tsoro. In aka matsa wa banki, ba bincike zai tsananta ba, rufe asusu zai yi ya huta. Mun ga yadda bankin Barclays ya yi a 2013, ya sallami kamfanonin aika kuɗi, sai da Dahabshiil na Somaliyawa ya garzaya kotu. Baƙi irinmu ne farkon shan wuya. Ɗalibai biyar a gida ɗaya, adireshi ɗaya, sai a ce alamar bauta ce.

Malam Habibu: Wannan tsoron na da tushe, ban raina shi ba. Wanda aka kora daga banki kuwa hannun dillali yake komawa, a riƙa biyansa a hannu, ba shaida.

Zainab: Shi ya sa ni abu ɗaya nake nema a takardar kowane banki: shin ya rubuta a kwangila cewa mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin dillali, ba ma'aikaci ba? Top Glove, kamfanin safar hannu ta roba na Malesiya, sai da Amurka ta hana kayansa shiga a 2020 sannan ya mayar wa baƙin ma'aikatansa kuɗin da dillalai suka tatsa.

Auwal: Kwastan ne ya sa su, Anti, ba takarda ba.

Alhaji Garba: Ni dai har yanzu ban ga wanda takardar ta 'yanta ba. Zainab, turo mini ta bankinki da daddare, mu duba ko maganar kuɗin dillalin na ciki.