Ƙanena ya ce ya daina shiri da Allah, ya zan yi da shi?

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji, don Allah a ɓoye sunana. Ƙanena ne, shekararsa 23, shi ke kaɗa ganga a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, tun yana sakandare. Wata huɗu ke nan da rasuwar babanmu bayan doguwar jinyar ƙoda, kuma yaron nan shi ya fi kowa shan wahala da shi, shi ke kai shi wankin ƙoda, azumin kwana uku ya yi ba ci ba sha har zumuntar matasa suka zo kwanan addu'a gidanmu, duk da haka Baba ya tafi. Tun da aka binne shi bai ƙara taka coci ba. Littafinsa Mai Tsarki na saman wadirof ƙura ta rufe, in Mama ta tada waƙa da asuba sai ya toshe kunne da iyafis. Jiya na matsa masa ya ce wai shi bai ce babu Allah ba, amma ba zai ƙara durƙusa wa wanda ya ji kukansa ya yi shiru ba. Wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce wannan gaba ce da Allah, har yana maganar a sa shi horo, wato hukuncin ikkilisiya. Mama kullum kuka. Ku ba ni shawara.

Ɗan'uwa daga Kafanchan: 'Yar'uwa gaskiya ɗaci gare ta, Baba dattijo bai yi ƙarya ba. Romawa 8:7 ta ce halin mutuntaka gaba ne da Allah, ba ya biyayya ga shari'arsa. Fir'auna ma ai da haka ya fara a Fitowa 5:2, wai wane ne Ubangiji da zai ji maganarsa. Ya tuba tun da wuri.

Maman Tagwaye: Haba ɗan'uwa, Fir'auna kuma? Fir'auna girman kai ne ya cika shi, wannan yaro ubansa ya binne fa. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Malamin makarantar Lahadi: Mama kin faɗi abin da ke bakina. Yunusa ya ce wa Allah ido da ido ya yi fushi har ya gwammace mutuwa, babi na 4, Allah bai hallaka shi ba, tambaya ya yi masa. Zabura 88 tun daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ma ta ƙare, kuma tana nan cikin Littafi ba a cire ta ba. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, lokacin ne kaɗai suka yi daidai, suna buɗe baki suka ɓata, ku duba Ayuba 42:7 ku ga da wa Allah ya yi fushi. Ni inda zan ji tsoro shi ne in fushin ya daɗe ya zama taurin zuciya, amma wata huɗu? Maganar horo kam ki je ki sami fasto da kanki kafin dattawa su zauna.

Wata 'yar'uwa: Ni shekara biyu na yi ban shiga sujada ba bayan na rasa ɗiyata, masu zuwa mini da ayoyi ɓuya nake musu a ɗaki. Wata tsohuwa ce ta zumuntar mata take zuwa kawai ta taya ni tsince shinkafa ta tafi abinta. Ki daina matsa masa, amma ki sa ido ko yana cin abinci yana barci, in ya fara maganar ya gaji da rayuwa kada ki tsaya jira, ku ga likita.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Barci kam ba ya yi, ina jin motsinsa har ƙarfe uku na dare. Gobe zan je gidan fasto, gangar ma na ce wa Mama a bar ta a ɗakinsa tukuna kada a mayar coci.