Tsutsar ciki ta ƙi rabuwa da kajina, dan Allah a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Kajin Hausa ne nake da su a bayan gida, sake suke yini da yamma su shiga akurki. Tun da damina ta kankama suke ramewa, suna cin dusa da dawa kaman me amma in ka ɗaga kaza ƙashin ƙirjinta har sukar hannu yake, ƙwai ma ya ja baya.

Na ga dogayen tsutsotsi farare a kashinsu, na sa musu piperazine a ruwan sha, suka kasayar da su sosai na ce shikenan. Toh yanzu kuma wasu 'yan guntaye nake gani kaman ƙwayar shinkafa suna motsi a kan kashin, mai shagon magani yace wannan tsutsa ce mai faɗi, piperazine baya kashe ta, wai daga cin tururuwa da ƙudaje da ƙwari suke ɗauka. To kazar da ke tono duk yini ya za'ai in hana ta cin ƙwaro fisabilillahi?

Shin albendazole zai yi, kuma nawa ake ba kaza ɗaya? Kwana nawa za mu daina cin ƙwan bayan an basu, dan yara ne ke ci. Maƙociyata tace in daka ƙwayar gwanda da tafarnuwa, akwai wanda ya gwada ya ga aiki? Sannan ƙasan akurkin, toka ta isa ko sai na kankare ƙasar na zuba sabon yashi?