Wai ina maganin yara na kyauta ya shiga?

Maman Hadiza, Tawa:
Salamu alaikum jama'a. Tun 2006 aka ce a Nijar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, to jiya na kai ɗiyata likitar unguwa da masassara, aka rubuto mini ordinansi wai in tafi farmasi, jika huɗu suka tashi. Wa za mu tambaya?

Ɗan Adar:
Hajiya ba laihin majo, mai kula da likitar, ba ne. Likita ke ba da magani, gwamnati ta biya daga baya, to biyan ne ke makara shekara da shekaru har kantar magani ta zama wayam, mi za su ba ki?

Mushe Illa:
Haka lakwal. Har yanzu akwai azuzuwan zana, bayan gobarar Yamai ta 2021 da ta ci yara 20. A 2024 an rage kuɗin likita da rabi, madalla, amma a liƙa takarda bakin ƙofa mu ga nawa aka turo, nawa aka kashe.

Maman Hadiza:
Mushe wa zai liƙa? Kansilolin da muke tarewa a kasuwa ma an rushe su.