Tsakanin su Kasimu Yero da jaruman yau, wa ya fi iya wasa?

Abban Sadik:
Salamu alaikum. Duk inda aka zauna hirar fim, dattawa cewa suke tun daga su Kasimu Yero da Samanja ba a sake yin ɗan wasa ba. Masu shekara arba'in su ce zamanin Ahmed S. Nuhu da Ali Nuhu ne ƙarshe, matasa kuma su kawo na finafinai masu dogon zango. Shin akwai ma'aunin da ake bi, ko kowa zamanin ƙuruciyarsa yake yabo? Masana harkar ku taimaka.

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ma'auni, amma sai ka fara duba irin aikin da aka sa kowane rukuni ya yi, domin aikin ba ɗaya ba ne.

Mutanen talabijin na shekarun 1970 da 1980, yawancinsu daga wasan daɓe da rediyo suka fito. A sutudiyo ake ɗauka da kyamara biyu ko uku, fitowa guda ta yi mintuna ba a tsaya ba, saboda tace kaset a lokacin wahala ne. Wanda ya yi tuntuɓen baki, sai a koma farko. Sau da yawa kuma ba a rubuta musu magana, gundarin labarin ake gaya musu, kowa ya ƙirƙiro tasa. Wannan shi ya ba su murya mai nauyi da saurin mayar da martani da sanin inda ake shiru. Rauninsu biyu ne. Suna buɗe wasa da yawa kamar masu yi wa taron jama'a, abin da ke zama ƙari idan kyamara ta matso fuska. Sannan da yawansu hali ɗaya suka riƙe har ƙarshe. Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma shi ne ya yi shekara da shekaru yana fitowa a matsayin Samanja, ya yi shi yadda ba mai iya kwaikwaya, amma da wannan matsayin aka fi saninsa. Shi ya sa nake ware Kasimu Yero: ya yi Karambana da Hausa, ya yi Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn da Turanci, kuma ba mutum ɗaya kake gani ba.

Daga fim ɗin bidiyo na Turmin Danya a 1990 aka koma kyamara ɗaya. Fitowa guda sai a ɗauke ta daga nesa, a sake daga tsakiya, a sake a fuska. Dole ɗan wasa ya maimaita motsinsa daidai, in ya ɗaga kofi da dama a farko ya ɗaga da hagu a na biyu, edita ba zai iya haɗawa ba. Murya kuma sau da yawa daga baya ake ɗorawa a sutudiyo saboda ƙarar janareta da hayaniyar unguwa, waƙa ma wani ne ya rera, jarumi baki yake bi. Ga 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai a Kano suna tambayar fuskar wa ke kan fosta kafin su sayi fim. To a nan kwarjini ya zama jari, har ya rufe wa wasu asiri.

Hajiya Umma:
Malam Mai Kyamara ya yi bayani, amma mai tambaya hanya yake nema. Ga yadda ake yi. Zaɓi fitowa iri ɗaya daga kowane zamani, misali inda aka kawo wa mutum labarin rasuwa, kar ka haɗa barkwanci da soyayya. Kalli kowace sau uku.

Na farko kashe sauti. In ka gane abin da ke ransa daga ido da kafaɗa da yadda ya zauna, to jikinsa na aiki. Na biyu kau da kai, ka saurara kawai. Nan za ka ji mai haddace magana, domin numfashinsa ba ya bin ma'ana, yana tsayawa inda layin takarda ya ƙare. A finafinan kaset ka yi hattara, wata muryar ba ta mai fuskar ba ce. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, kar ka kalli mai magana, kalli wanda ake yi wa. Mai kwarjini kaɗai yakan tsaya yana jiran layinsa, fuska ba komai. Gwani yana sauraro, maganar na canza shi kafin ya buɗe baki.

Bayan nan nemo finafinansa uku da ya fito a matsayi daban. In tafiyarsa da dariyarsa ba su sauya ba, farin jini ne da shi, ba faɗi ba.

Ɗan Warawa:
Hajiya, a gafarce ni, wannan gwajin na ƙarshe zai zalunci 'yan barkwanci. Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2014, kuma har yau ba a cike gurbinsa ba. Ko wane kaya ya sa Ibro ne, amma gwanintarsa a lokaci take: daƙiƙa nawa zai jinkirta kafin ya ba da amsa, da yadda yake karɓar maganar abokin wasa ya juya ta nan take. Wannan ba a rubuta masa. Ɗan barkwanci da wannan ake auna shi, kuma a nan Ibro ɗan gidan su Samanja ne duk da a zamanin kaset ya yi tashe.

Haka Ahmed S. Nuhu. Ya rasu a hatsarin mota a farkon 2007 yana matashi. Ba adalci ba ne a ɗora shi a sikeli da Ali Nuhu da ya wuce shekara ashirin yana sauya matsayi.

Hajiya Umma:
Na yarda da kai kan Ibro, ɗan'uwa. Kuma a daina mantawa da mata a wannan gardama. A yi wa Saratu Giɗaɗo gwajin nan na uku a gani. Ko ba ita ke magana ba, idonta bai bar fitowar ba.

Mai Kyamara:
Kan na yanzu kuma, tun da tashar Arewa24 ta fara a 2014 aka kuma koma YouTube, nauyin ya sauya. Fim mai dogon zango ba a ɗaukarsa bi da bi, lokeshan ake bi. In an shiga falo, duk fitowar falon za a kwashe a yinin, ta kashi na 2 da ta kashi na 11. Jarumi zai yi dariyar ango da safe, da azahar ya yi kukan saki, kuma dole ya tuna a wane mataki halinsa yake. Wanda bai rubuta wa kansa wannan a gefen sikirif ba, za ka ga fushinsa a kashi na 3 daidai yake da na kashi na 20. Makirufo kuma yanzu a ƙirji yake, hoto ya yi tar, don haka ƙaramin ƙyaftawar ido ma ana gani. Malam Abban Sadik, in za ka gwada na yau, ɗauki kashi biyu masu nisa da juna na fim ɗaya, ka yi musu kallo ukun da Hajiya ta faɗa.